Fatar Kifi a Gogen Labbo

Shekaranjiya ɗayanku ya tsaya bakin rumfata yana kallo ina ɗaura wa wani goge sabuwar tsagiya. Da na gama ya ce, "Baba Ummaru, ashe abin ba wuya. Ƙwarya ce da fata da gashin doki." Kunka yi dariya, ni ma na yi, don bai yi ƙarya ba, kayan ke nan. Amma tunda kun ce kuna son koyo, ku gyara zama in ba ku labarin yadda kayan nan ke zama goge, da kuma yadda suke ƙin zama.

Gogen farko da na haɗa da hannuna, a gidan Baba Jaɗi ne, nan Isa, bayan kasuwa. Shi ne maigidana, wurinshi na koya. Na daɗe a gidan bai bar ni na taɓa wuƙa ba. Aikina tsintar gashi. A kawo wutsiyar doki, in zauna in zare ɗaya ɗaya, in ja kowane tsakanin yatsu. Wanda ke da ƙulli ko lanƙwasa in yar. Na ingarma muke so, ba na goɗiya ba, don fitsari yana cinye na goɗiya, ba shi da ƙarko. Gashin nan shi ne tsagiya, wato igiyar da ke kan goge, shi ne kuma izga, abin da ake goga ta da shi. In gashi ɗaya ya fi 'yan'uwanshi sako-sako, mai kunne zai ji.

Ranar da ya ce in haɗa nawa, na shiga kasuwa na zaɓo ƙwaryar da ta fi kowace kyau, sumul, ba tabo. Baba Jaɗi ya karɓa, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya miƙo mini bai ce komai ba. Na jiƙa fatar guza, na ja ta bisa bakin ƙwaryar, na kafe da ƙananan ƙusoshi, na aje a inuwa. Da fatar ta bushe ta ja, sai ƙwaryar ta tsage tun daga baki har gindi.

Ya ce, "Ta fadama ce. Ta sha ruwa da yawa, ba ta da nama. Ta tudu ake nema, mai kauri, ko da mummuna ce."

Na ce, "Baba, ka sani tun farko, mi ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Da na faɗa maka da ka manta."

Kayan aikina ga su nan cikin jaka, ba su da yawa. Wuƙa biyu, ɗaya ta yanka ɗaya ta kankara. Basilla. Ƙaramar guduma. Ƙaron maje da ake shafa wa izga don ta kama. Sai kuma itacen da nike sassaƙa jaki, wato ɗan ƙaramin abin nan mai ƙafafu da ke tsaye kan fata yana ɗauke da tsagiya. Shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma ya fi wahal da mutum.

Makaɗa su ne masu kawo mini aiki, kuma ba mutane ne masu sauƙi ba. Wani sai safiyar biki zai zo da goge a tsage, ya tsaya kanka. Wani hannunshi ne ya mutu, amma gogen zai ɗora wa laifi. Cikinsu duka ba wanda ya kai Labbo, mutumin wajen Tsamaye. Ban taɓa jin ya ce aiki ya yi ba. In ka gama sai ya goga, ya rataya, ya tafi. In bai dawo ba, to ya yi. Akwai lokacin da ya kawo gogenshi ya ce, "Yana mura." Na duba fata lafiya, tsagiya lafiya. Na sake shafa ƙaro na ba shi. Ranar kasuwa ta zagayo ya dawo. "Har yanzu yana mura." Na kwance komai na sake ɗaurawa, ya sake dawowa. Sai da na aza jakin bisa madubi na ga ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa sosai, tazarar ba ta kai kaurin farce ba. Na sassaƙa wani. Ya goga, ya rataya, ya tafi. Tun daga nan bai sake kai gogenshi wurin kowa ba.

Shekarar da 'yan bindiga sunka tare hanyoyi, kuna da wayo, ba sai na ba ku labarinta ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda ta yi da sana'ar nan. Mafarautan da ke kawo mini guza sunka daina shiga fadama. Dawaki, wasu anka kore, wasu masu su sunka sayar kafin a kore. Biki kuma ya koma na ɓoye, a ɗaura aure a watse, don kiɗa yana gaya wa na daji inda mutane sunka taru. Na koma ɗinkin ƙoren mata masu nono da gyaran rariya. Amma ban bar hannuna ya kwanta ba. Tsofaffin izga nike kwancewa, in wanke gashin, in tsince masu rai, in haɗa goge ko ba mai saye, in kwance in sake.

Ƙauyen su Labbo ya watse a shekarar. Ya kwashe iyalinshi ya ƙetara wajen Maraɗi. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya can ya dawo mini da gogenshi naɗe cikin buhu, da saƙo: in aje, ko in hura wuta da shi, shi ya gama. Na rataye shi nesa da ɓera, ina sauko da shi ina dubawa.

Abin da ya faru daga baya, wurin wani bikin suna ne a Maraɗi anka matsa mishi, ya karɓi gogen aro ya yi waƙa ɗaya. Wani ya ɗauka a waya. Abin ya yi ta yawo har ya kai wata ƙasa mai sanyi, ga wasu mutane mazauna tsibiri a cikin teku, waɗanda ke yin bikin masu goge duk kaka. Sunka nemi wata 'yar Maraɗi mai aikin jinya a ƙasarsu, Hadiza, ta nemo musu shi. Labbo ya ƙi, ya ƙi, daga ƙarshe ya ce, "In da Ummaru za ni. In ba shi, ba ni zuwa." Ni ma ina taɓa kiɗan ƙwarya, sai anka rubuta ni a matsayin mai ƙwarya. Takardu sunka ja lokaci, ba za ni gajiyar da ku da su ba.

Na sauko da gogen Labbo, na shirya kamar yadda nike shirya wa kowace tafiya: tsagiya ta ajiya, jaki na ajiya, ƙaro, da fatar guza guda, ta ƙarshe da ta rage mini. A filin jirgin can sunka buɗe jakata sunka ɗauke fatar. Wadda ke jikin goge sunka bari, don tana cikin takarda, amma wagga sunka ce ba ta shiga. Hadiza ta zo tarbarmu, na ce ta roƙe su. Ta yi magana da su, ta juyo ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, dokarsu ce. Ko ni ba su ƙyalewa."

Tsibirin nan, ban taɓa ganin wuri irinshi ba. Kakarsu ba irin tamu ba ce. Ganyen itatuwa ne ke komawa ja da rawaya, dutse bayan dutse, kamar an cinna wa daji wuta. Ƙauyuka duk a bakin ruwa, gidajen katako, mutane masunta da manoma. Kakanninsu daga wasu tsibirai sunka ƙetaro, da yarensu na kansu wanda ba Turanci ba, kuma da shi suke tsofaffin waƙoƙinsu. Gogensu igiya huɗu gare shi, ƙarƙashin haɓa suke maƙale shi. Suna da wata algaita mai salka da ake matsewa a hammata. Bikin kuma ba wuri ɗaya ake yi ba. Yau wanga ƙauye, gobe wancan, a zauren makaranta ko zauren taron gari, matan ƙauyen su dafa shayi su toya gurasa su ciyar da baƙi. Abin ya tuna mini yadda muke zagaya ƙauyukan Kurawa in an gama yankan gero.

Anka sauke mu gidan wani tsoho mai sassaƙa jiragen ruwa, wanda kuma ke gyara wa mutanen wurin gogensu. Sunanshi ya yi mini nauyi a baki, sai na riƙa kiran shi Baba Maijirgi. Hadiza ta fassara mishi, ya ce ya karɓa.

Tun washegari matsala ta fara. Iskar teku jiƙaƙƙiya ce, fatar gogen ta saki, muryar ta faɗi. A gida in haka ta faru sai ka nuna shi ga rana, ko ka ɗumama shi nesa da garwashi. Can rana ba ta fitowa. Na ce wa Labbo ya bari in dawo, za ni tare da Hadiza in ga zauren da za mu yi wasa. Bai bari ba. Akwai wani ƙarfe mai zafi jikin bangon ɗakin, wanda ke ɗumama shi. Ya jingina gogen a jikinshi ya tafi alwala. Da na dawo na same shi zaune bakin gado, gogen bisa cinyarshi. Fatar ta yage daga ramin da ake fasa mata don murya ta fita har bakin ƙwarya.

Ya ce, "Ni na yi."

Na ce, "Na gani."

Na karɓa na duba ƙwaryar. Ba ta tsage ba, kuma wannan shi ne abin da na fi tsoro. Yagewar dai ba ta ɗinkuwa. Wasanmu kuma cikin makon ne.

Masu bikin mutanen kirki ne. Da sunka ji, sunka kawo fatar akuya ta wani tambarinsu mai faɗi. Na san ba za ta yi ba, amma na gwada, don ba a ƙin abu sai an gwada. Na kankare ta iya yadda za ta kankaru, na ja, na jira ta bushe. Labbo ya goga. Murya ta fito kamar mutum na magana cikin bargo.

Ya aje ya ce, "Da in hau gaban mutane da wanga, gara Hadiza ta ce musu ba ni lafiya."

Na ce, "Ba mu ƙetaro teku don mu kwanta ba. Ka ba ni lokaci."

"Da mi za ka yi? Akwai guza a garin nan?"

"Ban sani ba tukuna."

Baba Maijirgi yana tsaye yana kallonmu. Ya ɗauki yagaggiyar fatar guzan, ya ɗaga ta ga haske, ya murza ta, ya ja ta. Ya yi magana da Hadiza. Ta ce, "Wai ka sa rigar sanyi ka biyo shi."

Ya kai ni wata rumfa bakin ruwa inda masunta ke gyaran kifi. Ya riƙa ɗauko fatun da sunka feɗe yana miƙo mini. Nan na gane nufinshi. Ban taɓa sa wa goge fatar kifi ba, Baba Jaɗi ma bai taɓa ba. Amma hannu ya san abin da yake nema: marar kauri, mai ƙarfi, wadda in ka ja ta kowane gefe tana bi daidai. Na zaɓi guda biyu. Ta farko mai laushi ce, ta fi kama da ta guza. Na gyara ta, ina cikin ja ta tsage a ƙusa ta uku. Ta biyu ta wani mummunan kifi ce mai haƙora kamar kare, baƙa-baƙa, ba ta da ɓawo sosai.

Ku saurara da kyau, don nan aikin yake. Maƙiyin fatar kifi mai ne. In ka bar mai a jikinta ba ta bushewa, ruɓewa take. Na shimfiɗa ta bisa katako na kankare da bayan wuƙa, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Na ɗebo toka daga murhun tsohon na cuɗe ta, na wanke, na sake cuɗewa, har sai da ta daina santsi a hannu. Yatsuna sunka mutu da sanyi, in sa su a hammata su farfaɗo in ci gaba. Sannan na aza ta bisa ƙwarya da ɗanyenta. Ba a kafe ƙusa a jere. Ka kafa nan, ka kafa kishiyar wurin, ka juya, don jan ya rabu daidai. Ƙusoshina sun lanƙwashe wajen cire fatar akuya, sai Baba Maijirgi ya kawo nashi na jan ƙarfe, waɗanda yake sa wa jirgi. Shi ya riƙe ƙwaryar ni ina bugawa. Ba mai jin yaren wani, Hadiza kuma ta tafi wurin masu biki, amma ban taɓa buƙatar in ce mishi ya juya ba.

Bushewa ita ce ta fi cin rai. In ka yi gaggawa ka maimaita abin da Labbo ya yi. Munka rataye ta can sama kusa da rufi, nesa da murhu, inda ɗumi kawai ke kaiwa. In sauko da ita in juya, in ƙwanƙwasa, in mayar. Labbo ya daina shigowa ɗakin. Sauran makaɗa suna ta tafiya ƙauyuka, mu muna gida muna gadin ƙwarya. Sai da ta fara amsawa da ƙara kamar ƙaramin kalangu sannan na fasa ramin, ƙarami tukuna, don ana iya ƙarawa amma ba a iya ragewa.

Na ɗaura tsagiya na kira Labbo. Ya goga, ya tsaya, ya sake gogawa. Murya ta fito, sarai, amma ta fi ta da kauri, da ɗan gurnani a ƙasanta.

Ya ce, "Wagga ba muryata ba ce."

Na matsar da jaki, na ƙara ramin kaɗan, na zare wasu gashi daga tsagiyar. Ta ɗan tashi. Ya sake cewa ba ita ba ce.

Na ce, "Labbo, taka tana gida. Wagga ita muke da ita. Ka zauna ka koye ta."

Ya ɗauki gogen ya shiga rumfar jiragen Baba Maijirgi ya rufe ƙofa. Har la'asar muna jin shi yana nemanta, yana ɓata yana komawa.

Ƙauyen da anka ba mu sai an hau jirgin fito, irin mai ɗaukar motoci. Wasan na yamma ne, ana ruwa. Zauren ya cika, tsofaffi da yara, kowa da jiƙaƙƙiyar riga. Ina shiga na san numfashin mutanen nan da damshin rigunansu za su sakar da fatar kafin a kira mu. Na gaya wa Hadiza. Ta fita ta dawo da wata robar ruwan zafi irin wadda suke sa wa marasa lafiya a gado. Na naɗe ta da tawul na kwantar da gogen a kai, ina taɓa fatar da bayan hannu, har makaɗansu sunka gama.

Da anka kira mu, na kife ƙwaryata na zauna. Labbo ya zauna ya fara da kiɗan noma na wajensu, wanda ake yi wa samari ranar gayya. Da farko shiru, ba mai motsi. Su can rawarsu da ƙafa ce kawai, hannuwa a sake, kuma ko a zaune suke ƙafarsu ba ta hutawa in kiɗa ya shige su. Ina kallon ƙafafun layin gaba. Can sai ta wani mutum ta fara, sai ta kusa da shi. Kafin Labbo ya kai amshi na biyu katakon zauren duka yana bugawa tare da ƙwaryata. Wata tsohuwa mai farin gashi ta miƙe ta fito fili ta shiga takawa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Baba Maijirgi ya karkata kai yana saurare, ya ɗauki nashi gogen, ya lallaɓa har ya kama zaren waƙar, ya biyo Labbo a baya.

Tsakiyar waƙa ta biyu na ji fatar ta fara saki, muryar tana sauka. Labbo ma ya ji. Bai tsaya ba, ya saukar da tashi muryar ya bi ta, kamar da ma haka waƙar take. Da ya kai ƙarshe, mutane na tafa mishi, na karɓe gogen na kwantar bisa robar, Hadiza ta tsawaita bayanin da take musu kan ma'anar waƙar har ya farfaɗo. Haka munka yi har munka gama. Fatar ba ta yage ba, ranar nan da sauran ƙauyukan da munka je bayanta.

A jirgin fito muna komowa, ni da Labbo muna tsaye jikin ƙarfe, gogen cikin rigarshi.  Sai ya ce, "Ɗiyar ƙanena za a yi wa aure a Tozai bayan salla. Sun ce ba kiɗa."

Na ce, "To."

Ya ce, "Za ni. Ka tanadi tsagiya."

Na ce, "Hanyar fa?"

"Ita ma za ni bi ta."

Munka je. Bayan motar 'yan kasuwa munka hau da sassafe, kayan kiɗan cikin buhun dawa. Dattawan gidan sunka yi shawara sunka ce a yi, amma da rana, cikin gida, a tashi kafin la'asar. Labbo ya fara a hankali. Matan sunka fito daga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya sunka tsaya jikin danga. Akwai yara a gidan da sun yi wayo ba su taɓa jin goge ba sai a waya. Uwar amarya ta aje muciyar da ke hannunta, ta gyara ɗaurin zane, ta ce wa mijinta, "Malam, a buɗe ƙofar gidan." Ya dube ta, ya dubi Labbo, ya tashi da kanshi ya buɗe.